Lalacewar Sauti a Sitidiyo: Wace Magana Ce Gaskiya, Wacce Ce Ji-ta-ji-ta?

Daga Tafoki zuwa Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, ɗaukar murya ba sai an je Kano ba yanzu. Matashi mai laftof, makirufo da ɗan akwatin sauti na USB, wanda 'yan harkar ke kira saun kad, shi ke ɗaukar tafsirin azumi, ƙasidar Maulidi, waƙar biki da sanarwar kasuwa. Sai dai ranar da sauti ya fara ƙarce-ƙarce ko gurnani, masu ba da shawara sukan yi yawa, kuma shawarar da ba ta kan hanya kuɗi take ci. Mutum ya biya kuɗin mota zuwa Funtuwa, ya sayo sabon akwati, ya dawo ya tarar da matsalar tana nan daram. Abin da ya kamata a fara sani shi ne kowace irin ƙara da abin da ke haddasa ta, kuma kunne ne ke fara bambance su.

"Akwatin ne jabu, ko ya ƙone." Galibi ba haka ba ne. Ko Focusrite Scarlett ne, ko Behringer, ko ɗan ƙaramin V8 na masu TikTok, kafin a yanke masa hukunci a jona shi a wata kwamfutar da wani kebul daban. In ya yi tas a can, laifin ba nasa ba ne. Kebul mai sako-sako da ramin USB da ƙurar hunturu ta cika sun fi lalata aiki fiye da akwatin kansa.

"Bairos ne, sai an yi fomat." Wannan ma da wuya. Ƙarar ƙas-ƙas da ke zuwa tana ɗaukewa, musamman idan waƙa ta tara kayan kiɗa da yawa a FL Studio ko Cubase, alama ce kwamfuta ba ta kai wa akwatin sauti a kan kari. Sautin yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, girman ƙunshin kuma shi ake kira bafa. In an sa shi a 64 ko 128, an matsa wa kwamfutar. A ɗaga shi zuwa 256 lokacin ɗauka, 512 ko 1024 lokacin haɗa sauti. A saka direban ASIO na kamfanin da ya ƙera akwatin, domin shi ya fi dacewa da shi fiye da ASIO4ALL. A kashe Wi-Fi da Bluetooth, a cire Windows daga tsarin tattalin batir. Zafin bazara ma yana da hannu: laftof da aka ɗora a kan katifa ko darduma iska ba ta shigarsa, in ya yi zafi sai ya rage gudu da kansa, sauti ya fara yankewa. Haka nan a tabbatar Windows da manhajar ɗauka suna kan lamba ɗaya, ko 44,100 ko 48,000, don saɓaninsu yakan kawo ƙarce ko ya sauya amon murya.

"Wutar janareta ce ke jawo shi." A nan akwai gaskiya. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gurnanin nan mai kauri da ba ya ɗaukewa shi ne amonta da ya samu hanyar shiga layin sauti. Ƙaramin janareta, inbatar sola mai araha da cajar laftof marar inganci duk suna ƙara masa zuza. Gwajin ba ya cin ko sisi: a zare caja, a bar laftof a kan batir. In ƙarar ta ɗauke, an gano ɓarawon. Magani shi ne a haɗa laftof, lasifiku da amfilifaya a soket guda, a yi amfani da kebul mai haƙora uku na XLR, kuma kada wayar makirufo ta kwanta jere da wayar wuta.

"A karya ƙafar filogi ta uku, ƙarar za ta tafi." Tana iya tafiya, amma wannan shawara ce mai haɗari, kuma ina roƙon kowa ya guje ta. Ƙafar nan ita ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta samu matsala. In babu ita, wutar na iya bi ta jikin makirufo zuwa hannu ko leɓen mai karatu. Babu waƙar da ta kai ran mutum.

"Wayar salula na shiga sauti." Gaskiya ne. Ƙarar dit-dit-dit da ake ji daf da shigowar kira daga layin 2G take fitowa, kuma a inda sabis ke da rauni waya takan ƙara ƙarfin aikawa don ta kamo turken sadarwa, sai abin ya fi tsanani. A nesanta wayoyi da teburin aiki, ko a sa su a yanayin jirgi.

"Ƙara murɗa maɓalli, murya ta fito da ƙarfi." Wannan ita ta fi ɓata ayyuka. Akwatin yana da iyakar da yake ɗauka, wato 0 a ma'aunin da ke kan allo. Kamar tiya ce, in ta cika, abin da aka ƙara zubewa yake yi. Shi ya sa malami yana karatu a natse komai lafiya, da ya ɗaga murya sai ta tsage. A sa shi ya gwada mafi ƙarfin muryarsa tun kafin a fara, a rage maɓallin Gain har fitilar da ke jikin akwatin ta daina yin ja, ma'auni ya tsaya wajen -12. Makirufon kondensa yana bukatar a kunna masa 48V, in ba haka ba ko dai ya yi shiru ko ya fito a shaƙe. Akwatin kuma a jona shi kai tsaye a jikin laftof, don ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, in aka raba wutar da filasha da fitila ba za ta ishe shi ba.

"Auto-Tune zai gyara daga baya." Ba zai gyara ba. Aikinsa daidaita hawa da saukar murya ne. Muryar da ta tsage tun wajen ɗauka wani ɓangarenta ya riga ya salwanta, manhaja sai dai ta rage muninta.

Don haka, ɗan'uwa, idan sauti ya ɓaci, ka saurara tukuna: tsagewa ce, ƙas-ƙas ne, ko gurnani? Sannan ka canza abu ɗaya tak, ka ɗauki gwajin daƙiƙa 30, ka saurara da hedifon kafin ka taɓa na gaba. Sai kebul, wuta, bafa da Gain duk sun fita daga zargi, akwatin kuma ya maimaita laifinsa a wata kwamfutar, sannan ya cancanci a kai shi wurin mai gyara.