Makullin Da Ke Tsare Asusun Banki

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa jama'a biyan kuɗi ta waya da na'urar POS, har da masuntan Guri a fadamar Haɗejiya. A nan kuwa akwai abin lura. A ce mai kifi yana da naira 50,000 a asusu, ya ciri 40,000 ta na'ura, ɗansa kuma ya tura 40,000 ta waya a lokaci guda. In kwamfutar banki ta amsa wa duka biyun tare, 80,000 za ta biya. Saboda haka takan kulle asusun har ta sallami na farko, sa'an nan na biyu ya tarar da 10,000 kaɗai, a ƙi biyansa. Wannan ɗan jinkiri shi ke hana banki hasara, ya kuma hana mai asusu cin bashi ba da saninsa ba.