Ɗan Jagoran Direba: Na'urar Da Ke Jin Abin Da Ido Bai Gani Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a babbar tashar mota a ƙasar Hausa, ko a Kano ko a Maraɗi, ya san abin da kan faru idan babbar mota maƙare da kaya za ta ja da baya. Yaron mota ne zai diro ya zagaya bayanta, yana yafito da hannu yana cewa, "Taho! Taho!" Da ya ga ta kusa taɓa bango ko teburin mai shayi, sai ya daki jikin motar da tafin hannu ya ce, "Ya isa!" Shi kuwa direba, ko da bai ga kome ba, nan take zai taka birki, domin ya amince da idon yaronsa.

To, a biranen Ingila irin su Manchester da Birmingham ba a san yaron mota ba. Direba shi kaɗai yake fama, daga shi sai madubinsa. Amma yawancin sababbin motoci suna zuwa da wani ɗan jagora na ƙarfe a maƙale a bayansu, wanda ba ya gajiya, ba ya kuma neman kuɗin abinci. Shi za mu duba a yau: yadda yake aiki, inda ya samo asali, da kuma inda iyakarsa take, domin wanda bai san iyakar abin da ya dogara da shi ba, wata rana zai ji jiki.

Abin da ya kawo bukatarsa

Manchester ta bunƙasa cikin ƙarni na 19 albarkacin masaƙu, waɗanda daga baya har audugar Zariya da Funtuwa suka riƙa sha, ita kuwa Birmingham albarkacin ƙira. A unguwanni kamar Rusholme da Longsight a Manchester, ko Small Heath da Sparkbrook a Birmingham, za ka tarar da gidaje a jere, bango manne da bango, waɗanda aka gina wa ma'aikata tun mota ba ta zama ruwan dare ba. Galibinsu ba su da gareji. Saboda haka kowa a bakin titi yake ajiye motarsa, hancin wannan a ƙeyar waccan, kuma wanda ya dawo daga aiki tilas ya cusa tasa cikin ɗan gurbin da ya samu, da baya da baya.

Har wa yau, wuraren ajiye motoci na kasuwanni da na ofisoshi yawancinsu an shata su ne bisa ma'aunin da ake bi tun shekarun 1970, watau faɗin mita 2.4 da tsawon mita 4.8. Gurbin yana nan yadda yake, amma motoci sun yi ƙiba. Alal misali, ƙaramar motar nan Mini da aka fara ƙerawa a 1959 a masana'antar Longbridge ta Birmingham, tsawonta mita 3 ne da 'yan kai, faɗinta kuwa kimanin mita 1.4. Amma Range Rover ta zamanin nan, wadda ake ƙerawa a Solihull, dab da Birmingham ɗin, tsawonta ya zarce mita 5, faɗinta kuma wajen mita 2. Daɗin daɗawa, motocin yanzu bayansu ya yi tudu, gilashin baya ya ƙanƙance. Ga yawan ruwan sama da ke lulluɓe gilashi, ga shi cikin watan Disamba rana kan faɗi tun ƙarfe 4 na yamma ba ta cika ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai fa ido ba ya kimanta abin da bai gani ba.

Yadda na'urar ke aiki

In ka duba bambar bayan mota ta zamani, za ka ga wasu 'yan da'irori kamar maɓallan riga, galibi guda 4 a jere. Kowane ɗaya daga cikinsu baki ne kuma kunne ne. Da direba ya sa giyar ribas, sai su shiga aika wani sauti mai tsananin kaifi, wanda ke kaɗawa sau 40,000 zuwa 50,000 a cikin sakan guda. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000, shi ya sa ba ma jin kome. Idan sautin ya ci karo da bango ko wata mota, sai ya dawo, kamar dai amsa-kuwwar da kan dawo wa yaro in ya yi kira cikin rijiya.

Sauran aikin lissafi ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda. In abin da ke baya yana da nisan mita 1, sautin zai yi tafiyar mita 2, zuwa da dawowa, cikin kashi 1 bisa 170 na sakan. Wata 'yar kwamfuta ce ke auna wannan ɗan lokaci, ta mayar da shi nisa, sa'an nan ta sanar da direba da ƙara a cikin mota. In da sauran tazara, kamar mita ɗaya da rabi, sai ka ji ƙarar jifa-jifa. Kana matsawa tana ƙara sauri. Idan ya rage kimanin santimita 30, watau ƙafa guda, sai ta zarce ba yankewa. Wannan shi ne "Ya isa!" na yaron mota.

Dabarar ba ta mutum ba ce tun asali. Jemage da ita yake tashi cikin duhu ba ya karo da reshe, har ya kama ƙwaro a sama.

Daga hannun makafi zuwa bambar mota

Bayan da jirgin ruwan nan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse a 1912, ba a yi makonni da yawa ba sai wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, wanda ya taɓa koyarwa a kwalejin fasaha ta Manchester, ya yi rajistar dabarar gano irin waɗannan duwatsu ta hanyar amsa-kuwwa. Shekaru da yawa dabarar ta tsaya a teku, wajen auna zurfi da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa.

Cikin farkon shekarun 1960 ne wani malami a Jami'ar Birmingham, Leslie Kay, ya fito da ita tudu. Ya ƙera wata na'ura mai kama da tocilan, wadda makaho zai riƙe a hannu ya haska gabansa da sauti maimakon haske, ita kuma ta gaya masa ta kunne ko akwai abin tuntuɓe. Sa'an nan a ƙarshen shekarun 1970, Dakta Tony Heyes, wanda ke aiki a sashen binciken zirga-zirgar makafi na Jami'ar Nottingham, ya ƙera wata irinta mai suna Sonic Pathfinder. Daga nan tunani ya zo masa cewa ai direban da ke ja da baya shi ma rabin makaho ne. Ya ɗaura na'urar a bayan mota, ya raɗa mata suna ReverseAid, ya yi rajistarta a 1983. Bisa ga abin da shi kansa ya bayar da labari, ya kai wa kamfanin Jaguar a Coventry, maƙwabciyar Birmingham, amma ba su karɓa ba, don a ganinsu mai cikakken gani ba ya bukatar irin wannan. A can Japan kuwa, tun 1982 kamfanin Toyota ya riga ya fara sa irinta a motarsa Corona. Ga shi yau abin da aka raina ya zama gama-gari.

Ƙarar da ake yi wa na waje

Akwai kuma wata na'ura dabam da bai kamata a haɗa ta da ta farko ba. Ta farko direba take yi wa magana, ita kuwa wannan da mutanen waje take. Ita ce ƙarar nan da za ka ji da sassafe a lungunan Manchester idan motar kwasar shara tana ja da baya. A Japan aka fara ƙera ta a 1963, kuma wani ɗan kasuwa, Chris Hanson-Abbott, wanda ya ji ta a titin Tokyo, shi ya kawo ta Birtaniya a 1976, ya kafa kamfanin Brigade Electronics.

Dalilinta ba ƙarami ba ne. Hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen da motoci ke jawowa a wuraren aiki, wajen ja da baya suke aukuwa. Amma ƙarar tana da nata aibu: tana hana maƙwabta barci, kuma in motoci sun yi yawa ba a gane daga wace take fitowa. Shi ya sa dokar 1986 ta hana kaɗa ta a titunan cikin gari daga ƙarfe 11 da rabi na dare zuwa 7 na safe. Daga baya aka fito da wata mai huci kamar iska na fita daga taya, wadda kunne ke saurin gane inda take, ba ta kuma kai wa gidajen nesa.

Kyamara, radar da birki mai taka kansa

An ce gani ya kori ji, don haka aka ƙara kyamara a bayan mota, mai nuna wa direba hoto a gabansa. Wasu motocin kuma suna da radar a kusurwoyin baya, watau na'urar da ke aiki da igiyar rediyo maimakon sauti, wadda ke hango motar da ke tahowa ta gefe tun direba bai fito daga gurbinsa ba. Akwai ma waɗanda in direba ya ƙi jin gargaɗi, su da kansu za su taka birki.

Amurka ce ta fi tattara alƙaluma a kan wannan. A 2014 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa ja da baya na kashe kimanin mutum 210 a shekara, yana raunata 15,000, kuma kusan sulusin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Dokar da ta kai ga wajabta kyamara a kowace sabuwar ƙaramar mota daga Mayun 2018, sunan wani yaro ɗan shekara 2 aka sa mata, wanda mahaifinsa ya taka shi a ƙofar gida a 2002 ba tare da ya gan shi ba. Wani bincike da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta bayyana a 2018 ya nuna cewa kyamara haɗe da na'urar sauti sun rage haɗarin ja da baya da kashi 42 cikin 100, in kuma an ƙara birki mai taka kansa, ragin ya kai kashi 78. Tarayyar Turai ma ta wajabta na'urar gano abin da ke baya a kan sababbin motoci daga Yulin 2024. Ko da yake Birtaniya ta fice daga Tarayyar a 2020, kamfanoni kasuwa guda suke ƙera wa, don haka motocin da ake sayarwa a Birmingham da Manchester galibi da kayan suke zuwa.

Inda ɗan jagoran kan makance

Amma fa a lura, kashi 42 ba 100 ba ne. Na'urar sauti tana jin bango sarai, amma siririn turke, ko waya, ko sarƙa, suna iya kuɓuce mata. Abin da ya yi ƙasa ainun, kamar dutse ko ɗan akuya a kwance, yana iya shigewa ƙarƙashin sautin. Tufafi masu laushi kan shanye sauti maimakon su mayar da shi. Ba ta san rami ba ko kaɗan, domin lambatu buɗaɗɗe ba ya mayar da amsa-kuwwa, ga ta sai ta ɗauka hanya ce fetal. Uwa-uba, yaron da ya sheƙo a guje yana iya shiga bayan mota kafin ƙafar direba ta kai kan birki.

Ƙazanta ma na toshe mata kunne. A Ingila ƙanƙara ce da taɓon gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin sanyi, a gida kuwa ƙurar hunturu da lakar damina. Masu sayen motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ke shigowa ta Kwatano ko Legas, ya kyautu su gwada na'urar tun kafin su biya: a taka birki, a sa ribas, wani ya matso da faifan katako ta gefe zuwa gaban kowane maɓalli a ji ko zai yi ƙara. Sau da yawa mai fenti ya riga ya dame su da fenti mai kauri, ko an sauya bamba ba a mayar da waya ba. Na'urar da ta mutu ta fi rashin na'ura haɗari, domin shirunta direba zai ɗauka izini ne.

Wannan ne ya sa hukuma a Birtaniya ta yarda mai jarrabawar tuƙi ya yi amfani da na'urar da kyamarar, amma in bai waiwaya ya duba kewayensa ba, faɗuwa zai yi. Littafin ƙa'idojin hanya na ƙasar har yanzu yana umurtar direba ya duba madubai duka, ya lura da wurin da madubi ba ya kaiwa, ya tafi a hankali, in kuma ba ya gani sosai ya nemi wani ya yi masa jagora. Yana kuma ba da shawara a shiga gida da baya domin a fito da gaba. Ashe ke nan ko a ƙasar da aka ƙera na'urar, ba a sallami yaron mota ba.

Saboda haka, ɗan'uwa direba, ko a Birmingham kake ko a Birnin Kebbi, kafin ka tayar da mota a ƙofar gida, zagaya ta sau ɗaya, ka san inda yaran gidan suke. Bamba in ta lotse akwai mai gyara, wani abin kuwa ba ya gyaruwa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.