Gauraka Ya Yi Ƙaura: Abin da Fadamun Neja Za Su Koya daga Kogin Platte

Hanyar da ta tashi daga Minna ta bi ta Gidan Kwano, ta wuce Kataeregi ta faɗa Bida, hanya ce ta tsuntsaye ga mai lura. Belbela na bin sawun shanu, shaho na shawagi a kan gonar da aka ƙone, da faɗuwar damina kuma a ga shamuwa ta nufi arewa. Akwai dai tsuntsu guda da dattawan ƙasar nan suka tashi suna gani, jikokinsu kuwa sai a hoto. Shi ne gauraka, mai dogon wuya da tukku ruwan zinariya, wanda ake yi wa kallon tsuntsun ƙasa na Najeriya.

A farkon shekarun 1970 gauraki dubbai ne a fadamun Arewa, daga gaɓar Tafkin Chadi zuwa kwarin Sakkwato. Cikin shekara ashirin suka yi ƙaranci har abin ya tayar da hankalin masana, aka kira taron ƙasa da ƙasa a kansu a Kano a 1992. A 2010 ƙungiyar IUCN ta sa gauraka cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Yau mai son ganin babban garke sai ya tsallaka zuwa Zakouma a Chadi, ko Waza a Kamaru.

Gauraka ba mai doguwar tafiya ba ne. Rayuwarsa irin ta ɗan ci-rani ce: da damina mata da miji su ware, su yi sheƙa da ciyawa a tsakiyar fadama mai ruwa, inda dila ba zai kai ga ƙwai ba, da rani su taru garke-garke a bakin ruwan da bai ƙafe ba. Saboda haka wuri biyu yake bukata, kuma kowanne da lokacinsa. In fadama ta bushe a watan Agusta, ƙyanƙyasar shekarar ta lalace. In tafkin rani ya ƙafe a Fabrairu, garken ya watse.

Nau'in gauraki goma sha biyar ne a duniya, kuma wanda ya fi kowanne yawa yana Amurka. Launinsa toka-toka ne, goshinsa ja, ana ce masa sandhill. Kowace shekara daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, fiye da rabin miliyan ke sauka a wani yanki na Kogin Platte a jihar Nebraska, yankin da tsawonsa bai fi kilomita 130 ba. Sun taso daga Texas da Meziko, sun nufi Kanada da Alaska, wasu har Sibiriya. Da rana suna kalar masarar da injin girbi ya zubar a gonaki, suna tara kitsen tafiya na kusan mako uku. Da magariba su koma kogi su kwana a tsaye cikin ruwan da bai kai musu gwiwa ba, domin duk dabbar da ta tunkaro su za su ji fantsamarta.

Wannan zango ya kusa salwanta. Madatsun ruwa da noman rani sun janye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan Platte. Ambaliyar bazara, wadda ke wanke tsibiran yashi ta tuge tsiro, ta daina zuwa da ƙarfinta. Bishiyoyi suka mamaye yashin, kogin ya tsuke, tsuntsayen suka cunkushe a 'yan wurare kaɗan.

Gyaran ya zo ta kotu da kuɗi da tarakta. A 1978 aka sasanta ƙarar da aka kai kan madatsar Grayrocks ta jihar Wyoming, masu ginin suka ajiye dala miliyan 7.5, aka kafa gidauniyar Crane Trust da su. Ma'aikatanta da na wurin kiyaye tsuntsaye na Rowe suna shiga kogin da injuna suna share tsiro daga kan yashi. A 2007 jihohin Colorado da Wyoming da Nebraska suka fara aiki da wata yarjejeniya tare da gwamnatin tarayya, wadda ta tanadi ruwan da za a riƙa sakin wa kogin a lokutan da tsuntsaye ke bukata. Manoman masara ba su tashi daga gonakinsu ba. Baƙi masu zuwa kallo ma sun zama hanyar samun kuɗi ga garuruwa irin su Kearney.

Wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru ba zai ji wannan labari baƙo ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara, yanayin da ciyawar kacala ta fi so. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka gano cewa ruwan da aka bar wa fadamar ya fi kawo amfani, ta shinkafa da kifi da itace, a kan irinsa da aka karkatar zuwa manyan gonakin noman rani na Kano. Ashe asarar gauraka da ta masunci daga tushe ɗaya suka fito.

Jihar Neja ita ce uwar madatsu a Najeriya: Kainji tun 1968, Jebba a 1985, Shiroro a 1990, ga kuma Zungeru mai megawat 700. Biyun ƙarshe a kan Kogin Kaduna suke, kuma a ƙasansu ne fadamun Nupe suke shimfiɗe, daga Wuya har Muregi inda Kaduna ke haɗuwa da Kwara. A 2008 aka sa wannan yanki cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Nan ne gidan shinkafar Bida, nan cibiyar binciken hatsi ta Badeggi take, nan kuma tsuntsayen Turai ke sauka idan sanyi ya koro su. Injiniyan da ke buɗe ƙofar madatsa lantarki yake lissafawa, amma da hannunsa ake yanke ranar da fadama za ta cika da ranar da za ta janye.

Akwai shaidar cewa gyara na yiwuwa a kusa da gida. Madatsar Maga da aka gina a arewacin Kamaru a 1979 ta busar da babban ɓangare na fadamar Waza da Logone. A 1994 aka fasa wani sashe na ganuwar kogin da gangan, ruwa ya sake malala. Ciyawar kiwo ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo da garkunansu, tsuntsayen ruwa suka ƙaru.

Kayan aikin irin wannan gyara suna Minna. Hedikwatar HYPPADEC, hukumar da ke kula da yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, a garin take. A Gidan Kwano, Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana da sashen nazarin albarkatun ruwa da kiwon kifi. Aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ta fara a 2015, yana karɓar bayanai daga duk mai waya da idon lura, kuma kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a faɗin duniya. Ɗalibin da ya rubuta abin da ya gani a Wuya shekara biyar a jere ya samar da hujjar da za a ɗora a teburin masu sakin ruwa.

Sauran matsalar ba ta ruwa ba ce. Kyan gauraka ya jawo masa farauta: ana kama 'ya'yansa a sheƙa a sayar wa masu hali su yi ado da shi a tsakar gida, ana sayar da kansa da gashinsa a kasuwar magani. Wanda aka tsare a gida da wuya ya hayayyafa. A 2019, bisa bukatar Burkina Faso da Kwaddibuwa da Senegal, taron CITES a Geneva ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Cinikin cikin gida kuwa, daga fadama zuwa kasuwar tsuntsaye zuwa gidan mai saye, aikin jami'an gandun daji na jihohi ne da masu unguwanni su tare shi.