Kalmomin Turanci na Kan Dutse da Yadda Suka Dace da Ƙasar Rima

Malamin da ke koyad da labarin ƙasa a Tursa ko Wurno ko Goronyo yakan gamu da wata wahala wadda ƙamus ba ya warware masa ita duka. Littafin da ke hannunsa yana da kalmomi da yawa na kan dutse, shi kuwa in ya zo fassara sai ya tattara su duka ya ce "dutse" ko "tsauni". Sakamakon haka yaro yakan haddace kalmar ba tare da ya san siffar abin ba, har ya laƙaba wa tudun garinsu sunan da bai dace da shi ba.

Kalma ta farko ita ce "summit". Asalinta daga Latin ne ta hanyar Faransanci, ma'anarta kuwa wuri mafi bisa, watau ƙololuwa. Ba ta faɗin kome game da siffa. Kan dutse ko shimfiɗaɗɗe ne ko mai tsini, iyakar bisansa ita ce "summit". Saboda haka dutsen Dala na Kano yana da ita, dutsen Everest mai tsawon mita 8,849 shi ma yana da ita.

"Peak" dabam take, don ita siffa take nufi: kai mai tsini wanda ya tsuke ya yi tsololo. Akan kuma kira dutsen gaba ɗaya da ita idan dogo ne ƙwarai, kamar Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya kai mita 2,419, ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. "Pinnacle" ta fi ta siranta, watau dutse guda a tsaye kamar hasumiya. "Crag" kuwa, wadda Turanci ya aro daga harsunan tsofaffin mazauna Birtaniya, gefen dutse ne mai gargada wanda ya miƙe sak, ba ya hawuwa sai da dabara.

Sai "tor", wadda aka fi ji a kudu maso yammacin Ingila, musamman a Dartmoor. Ita tarin manyan duwatsu ce a kan tudu, wani bisa wani kamar an ɗora su da hannu. Dalilin samuwarta shi ne ƙaƙƙarfan dutse yana da tsagogi, ruwa ya bi su ya ci gefunansu shekaru aru-aru, sa'an nan zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, ta bar masu tauri a tsaye. Wanda ya bi hanyar Jos ya ga irinsu da yawa. Idan kuwa dutsen mulmulalle ne guda, ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili, sunansa "inselberg", kalmar Jamusanci mai nufin dutse mai kama da tsibiri, wadda Wilhelm Bornhardt ya fito da ita a 1900. Kwatarkwashi kusa da Gusau da Kufena ta Zariya misalansa ne.

To, a nan ne ya kamata malamin ƙasar Rima ya lura. Waɗannan siffofi na ƙasar ƙaƙƙarfan dutse ne, ita kuwa ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ba haka take ba. Duwatsunta yashi ne da laka da suka kwanta hawa hawa a lokacin da teku ta rufe wurin, fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. Shaidar wannan ita ce ƙasusuwan wata dabbar teku da aka tono a gundumar Goronyo, aka sa mata suna Goronyosaurus a 1972. Daga baya marmara ta rufe bisan waɗannan shimfiɗu, ta zama musu kamar hula. Ruwa ya ci inda babu marmara, ya bar tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da gefuna masu gangara.

Irin wannan tudu Turanci yana da sunansa, watau "mesa", daga kalmar Sifaniyanci mai nufin tebur. Idan ya zaizaye ya ƙanƙance, sai a ce "butte", daga Faransanci. Dogon gefen tudu kuwa wanda ya fuskanci fadama shi ne "escarpment". Da waɗannan ukun ake bayyana ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓa ya kafa ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, gama tudun ya ba shi tsaro, fadamar Rima kuwa ta ba mutanensa abinci. Yaron da ya rubuta cewa Wurno tana kan "peak" ya ɓata labarin ƙasa, ya kuma ɓata tarihi, don ba a gina gari a kan tsini.

Hausa ba ta rasa nata kalmomi ba. Akwai tudu da tsauni da hayi, akwai fa da falalen dutse, akwai ƙoli da ƙololuwa da tsololo, G. P. Bargery kuwa ya tara da yawa daga cikinsu a ƙamusunsa na 1934. Abin da ya fi dacewa ga kolejojin horon malamai shi ne su sa ɗalibi ya fara duban tudun, ya faɗi siffarsa da Hausa, sa'an nan a ba shi kalmar Turancin da ta yi daidai da ita.