Sarkin Yaƙi a Allon Majigi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Arlit ko Akokan bayan sallar isha'i, inda ma'aikatan haƙar yuraniyom da 'ya'yansu kan taru su huce gajiya, lalle ya lura da cewa in an sa fim ɗin yaƙi, hankalin jama'a yakan tattaru a kan mutum guda, wato sarkin yaƙin da Allah ya hore wa hazaƙa da shaja'a, sa'an nan ya jarrabe shi da wani aibi da ba ya rabuwa da shi. Masu shirya fim sun daɗe da gane cewa wannan aibin shi ne gishirin labari, don haka suke kyautata shi, su yi masa kwalliya, har mai kallo ya tashi yana jin tausayin kwamanda fiye da waɗanda kwamandan ya cuta.

Misali mafi bayyana shi ne fim ɗin Patton na 1970, wanda ya ba da ƙissar janar ɗin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum ne da ya san sirrin tankokin yaƙi, mai saurin hukunci, amma ujubu da zafin rai suka yi masa katutu, har a Sisili, cikin Agusta 1943, ya mari sojoji biyu da firgicin yaƙi ya kwantar a asibiti, Janar Eisenhower ya tilasta masa neman afuwa. Fim ɗin ya nuna mari ɗaya, daga nan na'urar ɗaukar hoto ta bi janar, tana nuna baƙin cikinsa da kaɗaicinsa sa'ad da aka jingine shi, alhali sojan da aka mara ya ɓace daga labari kamar ba ɗan kowa ba. Wannan, a ganina, zalunci ne na biyu.

Med Hondo ya bi wata hanya dabam a fim ɗinsa Sarraounia na 1986, domin ko da yake ya nuna Kyaftin Voulet, wanda girman kai ya kai shi ga tawaye wa Faransa har sojojinsa suka kashe shi a 1899, bai bar haukarsa ta rufe garuruwan da ya ƙona ba, ya kuma tsai da Sarauniyar Lugu a gabansa.

Malamanmu na sira sun riga masu majigi sanin wannan mas'ala, kuma mizaninsu ya fi adalci. Halidu ɗan Walidu, Allah ya yarda da shi, wanda aka yi wa laƙabi da Takobin Allah, ba a yi kamarsa ba wajen tsara runduna. Amma da ya yi gaggawa a kan Banu Jazima aka zubar da jini ba bisa haƙƙi ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga aikin a bainar jama'a, ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyya. Marubutan sira ba su ɓoye kuskuren ba, ba su rage darajar sahabin ba, ba su kuma manta da waɗanda aka kashe ba.

Mu a ƙasar Abzin muna da namu, shi ne Kawusan, Buzun nan na Ikazkazan wanda ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya zo daga Fezzan da bindigogi da igwa, ya haɗa kai da Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 har farkon Maris 1917. Haɗa kan ƙabilun da ba su saba bin tuta guda ba, da riƙe Nasara a cikin ganuwarsu kusan wata uku, aiki ne na mai basira ƙwarai, kuma wanda ya tsaya wa ɗan mulkin mallaka ya cancanci a ambace shi da alheri. Sai dai barikin bai faɗi ba, kuma da gudummawa ta iso wa Faransawa daga Damagaram Kawusan ya janye, mutanen gari suka saura a hannun Faransawa, waɗanda suka kashe jama'a, har da malaman da suka fake a masallatai, suka kori mutane daga duwatsun Abzin. Kawusan kansa an rataye shi a Murzuƙ a 1919.

Alhakin kisan mutanen Agadas yana wuyan waɗanda suka aikata shi, babu shakka. Amma ina roƙon samarinmu na Agadas da Arlit, da 'yan'uwansu masu shirya fim a Yamai da Kano, in sun tashi ɗaukar wannan ƙissa, su nuna Kawusan da basirarsa da gazawarsa duka, sa'an nan su tsaya a Agadas bayan tafiyarsa, su shiga masallatan nan, su nuna mana malaman da aka kashe a ciki.