Tsadar Rayuwa a Jos da Kano

A ce ka gama makaranta, aka yi maka tayin aiki a wurare biyu, Jos da Kano, kuma albashin ɗaya ne. Ina za ka zaɓa? Kafin ka yanke shawara, sai ka tsara kasafin kuɗi na wata. Kasafi shi ne lissafin kuɗin da zai shigo hannunka da wanda zai fita.

A shekarar 2024, gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a wata. Bari mu ɗauka shi ne albashinka.

Fara da haya. A biranen biyu, yawanci kuɗin shekara ake biya a dunƙule, don haka sai ka raba shi gida 12. Alal misali, idan ɗaki naira 180,000 ne a shekara, kowane wata za ka ware 15,000. Ka kuma gwada unguwa da irinta. Rayfield ta Jos, unguwar masu hali, da Nasarawa ta Kano za a gwada ta.

Na biyu shi ne abinci. Kaya sun fi sauƙi kusa da inda ake noma su. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu yake shigowa Jos, kabeji da karas kuma suna cika kasuwar Farin Gada. Kano kuwa tana da Dawanau, babbar kasuwar gero da dawa da wake.

Yanayi ma yana cin kuɗi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka za ka bukaci bargo da gawayin dafa ruwan wanka. A Kano, zafin watan Afrilu zai sa ka nemi fanka da ƙanƙara.

Na ƙarshe shi ne sufuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. Idan ɗaki mai araha yana nesa da wurin aiki, abin da ka rage a haya zai tafi a hanya.

Yanzu tambayi farashin yau a kowane birni, ka tara, ka ɗebe daga 70,000. Birnin da ya bar maka rara mai yawa shi ne mafi sauƙi a gare ka.