Abinci Marar Danƙon Alkama: Larura Ga Majinyata, Kasuwa Ga Masu Acca Da Dawa

A manyan kantunan Legas da Abuja da Kano, yanzu akan ga ƙunshin gari da biskit da taliya waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa babu sinadarin gulutin a ciki. Galibinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma kuɗinsu ya fi na takwarorinsu na alkama nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne cewa dawa da gero da acca da rogo da shinkafa, waɗanda manoman Nijeriya suke nomawa tun kaka da kakanni, dukansu babu wannan sinadari a cikinsu. Saboda haka ya dace 'yan kasuwa su fahimci ko mene ne gulutin, su waye ke bukatar guje masa, da kuma irin sharuɗɗan da mai son cin riba a wannan fanni zai cika.

Gulutin wani nau'in furotin ne da ake samu a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rayi. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, har burodi ya kumbura. Ga mafi yawan jama'a ba shi da wata illa. Amma akwai mutanen da jikinsu ke ɗaukarsa tamkar abokin gaba, waɗanda likitoci ke cewa suna da cutar siliyak. Idan mai wannan cuta ya ci alkama, garkuwar jikinsa takan far wa bangon ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsirarrakin da ke tsotsar amfanin abinci. Daga nan sai gudawa mai daɗewa, da kumburin ciki, da rama, da ƙarancin jini, da tsumburewa ga yara. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari na al'ummar duniya yana da ita, kuma da yawa ba su sani ba. Takan bi jini a cikin dangi, an kuma fi samunta a tsakanin masu ciwon sukari irin wanda ke kama mutum tun yana yaro.

Wani likitan Ingila mai suna Samuel Gee ne ya bayyana alamomin cutar dalla-dalla a shekarar 1888, sai dai ba a tabbatar da musabbabinta ba sai bayan fiye da shekara sittin. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, sa'ad da burodi ya yi wuyar samu, yaran da ke fama da cutar sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. A shekarar 1950 ya gabatar da sakamakon bincikensa. Tun daga wancan lokaci har zuwa yau, maganin da aka tabbatar shi ne barin gulutin baki ɗaya har iyakar rayuwa.

An daɗe ana ɗaukar siliyak a matsayin ciwon Turawa, amma wani bincike da aka buga a shekarar 1999 ya gyara wannan zato. An gwada yaran al'ummar Saharawi da ke zaune a sansanonin gudun hijira na ƙasar Aljeriya, inda garin alkama ya zama babban abincinsu, aka tarar kashi 5.6 cikin 100 suna ɗauke da alamar cutar a jininsu, wato fiye da ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. Darasin da ke ciki shi ne cewa inda cin alkama ya yawaita, waɗanda suka gaji raunin sukan fara bayyana.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin kuwa cin alkama ya ƙaru ƙwarai a ƙasar tun daga shekarun arzikin man fetur na 1970. A shekarar 1985 wasu masana biyu daga ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi kan yadda burodi ya jefa Nijeriya cikin abin da suka kira tarkon alkama, wato dogaro da abincin da ƙasar ba ta iya noma isasshe. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga watan Janairun 1987, ta ƙarfafa noman rani a wurare irin su Kadawa ta Jihar Kano, amma abin da aka noma bai kai ko kusa da bukata ba, fasa-ƙwauri ya yi yawa, aka ɗage haramcin a shekarar 1992. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar ya nuna cewa alkamar da aka noma a cikin gida a shekarar 2021 ba ta kai tan dubu 40 ba, alhali ƙasar tana shigo da fiye da tan miliyan 4 a kowace shekara. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a shekarar 2022, farashin fulawa ya tashi, masu gidajen burodi da masu gurasa suka ji a jikinsu.

Ga mutumin da likita ya tabbatar masa yana da siliyak, komawa ga abinci marar gulutin aiki ne mai bukatar lura. Dole ya bar burodi da taliya da gurasa da funkasau da alkaki da fanke da cincin da dubulan da kuskus na alkama da tuwon semo, haka nan da duk abin sha da aka yi da tsiron sha'ir. A ɗaya ɓangaren kuma Bahaushe yana da sa'a, domin tuwon dawa da na masara da na shinkafa, da fura da kunu da koko, da ƙosai da alale, da dambu da burabusko da faten acca, dukansu asalinsu babu alkama a ciki. Matsalar tana ɓoye ne a wurin gauraye. Masu ɗanwake da yawa a yau suna haɗa garinsu da fulawa, wasu masu waina sukan barbaɗa ta a ƙullu, injin niƙa na unguwa yakan niƙa alkama da safe ya niƙa dawa da rana, kuma man da aka soya fanke a ciki shi ake jefa ƙosai a cikinsa. Ɓarɓashin da ido ba zai damu da shi ba ya isa ya hana hanjin majinyaci warkewa.

Likitoci suna kuma jan kunne kan abubuwa biyu. Na farko, kada mutum ya bar alkama kafin a gwada shi, domin gwajin jini da na ɗaukar ɗan tsokar hanji ba sa nuna gaskiya sai mutum yana cikin cin gulutin. Na biyu, barin gulutin bai zama maganin ciwon sukari ko na ƙiba ba. Garin rogo da na shinkafa cike suke da sitaci, acca ma hatsi ce mai sitaci, wanda ya cika ciki da su sukarin jininsa zai hau. Bugu da ƙari, tun shekarar 2002 doka ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a cikin fulawar da ake sayarwa a Nijeriya, saboda haka wanda ya bar ta sai ya nemi madadinsa a manja da ganye da hanta da ƙwai.

Ta fuskar ciniki, kasuwar kashi biyu ce. Akwai ta majinyata, wadda ba ta da girma amma tabbatacciya ce, domin mai siliyak zai ci gaba da saye muddin yana raye, kuma a shirye yake ya biya ƙari idan ya amince da tsabtar kayan. Akwai kuma ta masu bin yayi, waɗanda suka fi yawa musamman a Amurka da Turai, suna guje wa gulutin ba tare da umurnin likita ba. Wannan ta biyun ita ce ta kumbura kasuwar, kuma ita ce mai saurin juyawa idan wani sabon yayi ya fito. Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai gina sana'arsa bisa ƙa'idar da majinyata ke bukata, domin kayan da suka gamsar da su za su gamsar da kowa.

Ƙa'idar kuwa a rubuce take. Hukumar tsara ma'aunin abinci ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙayyade a shekarar 2008 cewa ba za a kira abinci marar gulutin ba sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ɗaya ba. Tarayyar Turai tana aiki da wannan ma'auni, Amurka ma ta kafa dokarta a kan wannan adadi a shekarar 2013. Ma'anar haka ita ce, buhun fulawa da aka sake zuba acca a cikinsa, ko motar da ta ɗauko alkama jiya, na iya jawo a ƙi karɓar kaya dungurungum. A nan ne kuma ya kamata a raba tsakanin wannan kasuwa da shirin burodin rogo. Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta umurci a riƙa haɗa kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa a shekarar 2005, gwamnatin Dokta Goodluck Jonathan ta sake ɗaga shirin a shekarar 2012 da burin kai wa kashi 40. Manufar ita ce rage kashe kuɗin musaya, amma irin wannan burodi yana nan da gulutin ɗinsa, kuma haɗari ne a tallata shi ga majinyata.

Daga cikin amfanin gonar da ƙasar ke da su, acca ce ta fi jan hankalin masu saye a ƙetare. Ana nomanta a Jihohin Filato da Bauci da kudancin Kaduna da wasu sassan Neja, tare da 'yar'uwarta iburu. Tana yi a ƙasa marar ƙarfi, wasu irinta kuma sukan nuna cikin mako shida zuwa takwas, shi ya sa take ceton manomi kafin sauran hatsi su iso. Ƙasar Gini ce ke noma fiye da rabin accar duniya, Nijeriya na biye da ita. A watan Disamban 2018 Tarayyar Turai ta amince a sayar da acca a kasuwanninta, a Amurka kuma wani kamfani mai suna Yolélé, wanda shahararren mai dafa abinci ɗan Senegal Pierre Thiam ya kafa tare da abokin hulɗarsa a shekarar 2017, ya shigar da ita manyan kantuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da dangoginsa, acca na cikinsu.

Babban cikas ga acca shi ne gyara. Ƙwayarta ƙanana ce ainun, surfenta a turmi na cin awoyi, kuma raba ta da yashi sai an yi ta wanki da rairaya. Wani malamin koyar da aikin injiniya ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin da ke surfa kilo 5 cikin minti 8, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 1996. Wannan na nuna cewa mafi yawan ribar tana wurin mai injin surfe da wanki da busarwa da ƙunshewa, ba wurin mai sayar da ɗanyen hatsi a buhu ba. A cikin gida, Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi ce aka ɗora wa alhakin inganta irin acca, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana kula da dawa, ta Tafkin Cadi da ke Maiduguri kuma tana kula da gero da alkama. Rogo ma yana da nasa gurbin, tun da Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa, da kusan tan miliyan 60 a shekara, kuma garinsa mai inganci yana shiga cikin haɗin biskit da kek marasa gulutin.

Sai dai akwai darussa biyu da bai kamata a manta da su ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, aka kuma yi ta sabunta haramcin a shekarun da suka biyo baya. Sakacin 'yan tsiraru a wurin ajiya ya rufe ƙofa ga kowa. Darasi na biyu daga ƙasashen Peru da Bolibiya yake, inda farashin wani hatsinsu marar gulutin mai suna kinwa ya ninka kusan sau uku tsakanin 2006 da 2013, manoma suka ruga nomansa, wasu ƙasashe ma suka shiga, sai farashin ya faɗi warwas bayan 2014. Wanda ya ci bashi ya faɗaɗa gona a kan farashin yayi shi ne ya kwana ciki.

Saboda haka matakan da ke gaban mai son shiga wannan sana'a a bayyane suke. Zai ware injin niƙa da ɗakin ajiya da buhunan da alkama ba ta taɓa shiga ba, ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma don samun hatsi iri ɗaya mai tsabta, ya riƙa kai samfur ɗakin gwaji kafin ya buga wata shaida a jikin ƙunshi, ya yi rajista da hukumar NAFDAC, idan kuma yana nufin fitarwa waje ya nemi takardar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya. Ya kuma guji rubuta cewa kayansa na warkar da ciwon sukari ko hawan jini, domin wannan da'awa ce da za ta iya jawo masa hukunci, ta kuma cutar da mai saye. Kasuwar cikin gida, wato asibitoci da otal-otal da kantunan manyan birane, ita ce wurin gwada ƙarfi, kuma wanda ya iya riƙe ma'aunin miligiram 20 a nan gida shi ne zai iya tunkarar masu saye na ƙetare.